Ruwan Rijiyar Inna Kande

Samarin da suke zuwa koyon aiki a wurina tambayarsu ta farko ɗaya ce: "Baba Ado, wai ɗiban ruwa a kwalba shi ne sana'ar?" Nakan ce musu e, shi ne. Sai su dubi juna su yi murmushi, don a ganinsu duk wanda ya iya cika buta ya gama koyo. Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mutum kwalba ɗaya in ce ya wanke mini. Zai sa omo, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya goge cikinta da gefen rigarsa, ya miƙo mini tana ƙyalli. Sai in ce masa ya ajiye ta can gefe, ta zama ta zuba man gyaɗa.

Kwalbar gwaji ba a wanke ta don ido. Ana wanke ta da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye, a jiƙa ta cikin ruwan asid mai sauƙi ta kwana, sannan a sake ɗauraye ta da ruwan da inji ya tace. A kife ta ta bushe da kanta. Tsumma ba ya shiga cikinta, yatsa ba ya taɓa cikin murfinta. In ka isa wurin ɗiba, ruwan wurin za ka fara zubawa ka girgiza ka zubar, ka maimaita, kafin ka cika. Ka ɗiga asid, ka rufe, ka rubuta wuri da lokaci, ka sa ta a cikin kula mai ƙanƙara. Daga nan kuma sai gudu, don rana ba ta jiran kowa a Kano.

Malam Garba ne ya koya mini wannan duka. Na zo daga ƙauyenmu na Jigawa ina saurayi, na sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa fata a cire gashi. Da ruwan wurin ya cinye mini fatar hannu sai aka mayar da ni shara a ɗakin gwaji, inda Malam Garba yake auna ruwan da kamfani ke saki a lambatu. Abin da ya fi nema a ciki shi ne kurom, sinadarin nan da ke mayar da fata shuɗiya a cikin duro. Mutum ne mai ƙarancin magana. Na daɗe ina wanke kwalba kafin ya yarda in bi shi bakin lambatu, na kuma daɗe ina riƙe masa kula kafin ya bar ni in tsoma guga.

Da farko zare nake ɗaura wa kwalabe don in bambanta su: ja na bakin kamfani, baƙi na ƙasan gada. Wata rana ya ɗaga kwalba ya ce, "Ado, wannan zaren naka ni da kai kaɗai muka san yarensa. In na mutu, kai kuma ka yi zazzaɓi, wa zai fassara?" A makon nan na shiga ajin manya a Dorayi, bayan la'asar, ina zaune a benci da 'yan dako da masu gadi. Hannuna ya yi nauyi, amma a hankali na iya rubuta sunan wuri da ranar wata a jikin kwalba yadda kowa zai karanta.

Masu ba da aiki iri-iri ne. A Sharada akwai masu rini da masu sabulu. A Bompai akwai masu biskit da masu ruwan leda, waɗanda in sakamako ya yi jinkiri sai su yi ta kiranka kamar kai ne injin. Kusan ko'ina ka je za ka tarar da wani manaja mai fara'a da zai kama hannunka ya ce, "Zo nan, Malam, nan ya fi sauƙin ɗiba." In ka duba sai ka ga inda ruwan ya kwanta ya yi garau ya kai ka. Malam Garba yakan ce mini, "Ido ba ya gwada ruwa. Wanda ya fi haske ma yakan fi mugunta. Kuma ka kiyayi mai zaɓa maka wurin ɗiba." Ya koya mini tsoron wanda zai ɓoye ƙazanta don riba. Bai taɓa ce mini akwai masu ɓoye ta don kunya ba, domin shi bai taɓa aikin gidajen aure ba.

Aikin gidajen aure Dakta Binta ce ta kawo shi. Malama ce a jami'a, tana binciken rijiyoyin wani ƙauye da ke bayan Challawa, inda lambatun kamfanoni ke wucewa kafin ya faɗa kogi. Tana so ta san ko abin da ke cikin lambatu yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyar mutane. Malam Garba ya haɗa ni da ita. Ni ke wanke kwalabe, ni ke ɗaukar kula da ƙanƙara. In mun isa gida sai in zauna a zaure da maigida, ita da ɗalibanta mata su shiga ciki su ja guga da hannunsu. Haka muka yi rani da damina, shekara da shekaru. Matan ƙauyen suka saba da ita har ba sa ce mata Dakta, sai Binta. Gidan da ta fi daɗewa a ciki shi ne na Malam Sule, wani dattijo manomin rani, don rijiyarsu ce ta fi kusa da lambatu. Uwargidansa, Inna Kande, ita ce babba a matan ƙauyen. Abin da ta ce shi ake yi.

Binciken ya fito a mujallar masana ta ƙasar waje. Ya nuna kurom yana shiga rijiyoyin, kuma ya fi yawa a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ja ƙasa. Ba a daɗe ba wata jami'a a Amurka ta kira ta aiki, ta tafi da maigidanta da 'ya'yansu a kan takardar zama ta ɗan lokaci.

Sai muguwar shekara ta zo. Wuta ta ƙi zama, man dizal ya gagari kamfanoni, durorin jima suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Kamfaninmu ya sa kwaɗo a ƙofa. Malam Garba ya riga ya koma garinsu da ciwon ƙafa. Ni na fito da kula biyu da guga da buhun kwalabe, na zama mai zaman kaina, ina bin Sharada da Bompai ina tambaya ko akwai mai son gwaji. Amma wanda bai kunna inji ba, wane ruwa zai saki? Wasu kamfanonin jima dai suna ɗan taɓawa, lambatu bai bushe ba, sai dai aiki ya yi wuya ƙwarai.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, Dakta ta kira ni bayan la'asar, lokacin su can safiya ce. Muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam Ado, ina da buƙata, kuma ku kaɗai za ku iya."

Ta yi mini bayani dalla-dalla, don ta san ni ba na son aikin da ban san kansa ba. Takardar zamanta ta kusa ƙarewa. Jami'ar da take wa aiki ta nema mata takardar zama ta dindindin, irin wadda ake ba fitattun masu bincike. Ba kowane mai digiri ake ba wa ba. Sai mutum ya yi aƙalla shekara uku yana koyarwa ko bincike, sai jami'a ta ba shi kujerar da ba ta wucin gadi ba, sannan ya nuna cewa masana na wasu ƙasashe sun san aikinsa: an buga rubutunsa, wasu sun dogara da shi a nasu rubutun, an taɓa kiransa ya auna aikin 'yan'uwansa. Ta cika na farko da na biyu. A na ukun ne ofishin shige da fice na can ya ce hujjarta ba ta isa ba. Suna son shaidar masanin da ba malaminta ba ne, ba abokin aikinta ba, wanda ya gina wani abu a kan bincikenta. Suka ba ta wa'adi.

"Akwai wani farfesa a Turai," in ji ta. "Bai taɓa ganina ba. Yana son ya auna ruwan rijiyoyin nan a nasa ɗakin gwajin. In ya sami abin da na samu, zai rubuta ya ce aikina ne ya nuna masa hanya. In babu wannan, Malam Ado, sai dai mu fara ɗaure kaya, yara su bar makaranta a tsakiyar shekara."

Na ce, "Ranki ya daɗe, rijiyoyin suna nan inda kika bar su."

Na wanke kwalabe yadda aka koya mini. Na sayo ƙanƙara a Bompai, na ɗauki shatar adaidaita sahu, na isa ƙauye da hantsi. Gidan Malam Sule na fara sallama. Na gaya masa Dakta ce ta aiko, tana son ruwan gidansu, za a sa shi a jirgi a kai ƙasar waje. Ya yi murna, ya ce ashe ba ta manta da su ba. Ni namiji ne baƙo, gidan kuma cike yake da surukai mata, saboda haka ban ma kawo zancen shiga ba, shi ma bai kawo ba. Na nuna masa yadda za a ɗauraye kwalba a zubar, da inda ba a taɓawa. Ya karɓa ya shiga. Ya ɗan jima, na ji muryar Inna Kande tana aike-aike a ciki. Ya fito da kwalba cike, da wani ƙulli a leda.

"Wannan fa, Malam?"

"Daddawa ce da kuka. Innarku ta ce a haɗa mata, wai can ba su da miya."

Na yi dariya na ce jirgin kwalba daban, na daddawa daban, amma zan nemi mai tafiya. Haka na bi sauran gidajen. Ko'ina maigida ya karɓa ya shiga, ya fito da kwalba cike. Na ɗiga asid, na rubuta, na rufe kula. Kafin azahar na kai wa kamfanin aika kaya. Ruwan garau yake, amma ban damu ba, tunda ido ba ya gwada ruwa.

Da Dakta ta sake kira, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Malam Ado, babu komai a ruwan."

"Babu komai kamar yaya?"

"Tas yake. Duk rijiyoyin. Farfesan ya rubuto mini cikin ladabi, ya ce ko dai rijiyoyin sun warke, ko kuma akwai gyara a lissafina na baya. Kun san abin da hakan ke nufi? Ba takardar zama kaɗai ba. In ya faɗa wa duniya cewa ya auna bai ga komai ba, sunana ya tafi. Ko gida na dawo, wa zai ƙara yarda da ni?"

Ta yi ta tambayata. Kwalaben sababbi ne ko tsofaffi? Asid ɗin daga ina? Ƙanƙara ta narke? Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya, babu inda muka ga ɓaraka. Ta ce ko don kamfanoni sun rage aiki ne? Na ce lambatu yana gudu, kuma abin da ya shekara da shekaru yana shiga ƙasa ba zai fita a rani ɗaya ba, ita ma ta sani. Sannan ta ce farfesan ya yarda a sake aiko masa sau ɗaya, amma wa'adin ofishin yana matsowa.

Ni kuma wani wa'adin nake kallo. Zafi ya kai maƙura, da yamma gabas takan yi duhu ta washe. In ruwan farko ya sauka ya wanke ƙasa ya gangara rijiyoyi, ruwan ƙarshen rani ya wuce sai baɗi. Duk abin da aka ɗiba bayan nan ba za a iya gwama shi da na littafinta ba.

Na zubar da asid ɗina na sayo sabo. Na sake wanke kwalabe tun daga farko. Na je bakin lambatu na tsaya ina kallonsa, yana tafe shuɗi-shuɗi da warinsa kamar kullum. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to ni a ranar na ga ba ya yin daɗi banza ma. Na rasa ta inda zan kama, sai na ce bari in je ƙauyen ba tare da kula ba, in zauna kawai.

Na tarar da Malam Sule a zaure yana gyaran fartanya. Ya ga yadda gumi ya jiƙa ni, ya shiga ya kawo mini ruwa a kwanon sha. Na sha, mai sanyi, babu ɗanɗanon komai.

Na ce, "Malam, rijiyarku ta yi daɗi bana."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wace rijiya? Wannan na tuƙa-tuƙan bakin masallaci ne, can sama da gari. Rijiyarmu ai ko akuya sai ta shinshina ta yi tunani. Wanki muke da ita, sai in layi ya yi tsawo ko famfon ya lalace mu sha don dole. Irin wannan da ka sha shi muka aika wa Binta."

Na ajiye kwanon a hankali. "Shi kuka aika mata?"

"To da wanne za mu aika? Yarinya ta tuna da mu daga wata uwa duniya, ta ce tana son ruwan gidanmu, sai mu ɗura mata abin da ke sa ƙaiƙayi? Innarku ce ma ta aika gida-gida ta ce kada wadda ta kuskura ta kunyata garin nan a gaban Turawa."

Inna Kande tsohuwa ce, tana iya leƙowa zaure. Ta ji ana ambatonta, ta ɗaga labulen buhu ta tsaya. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na yi mata bayani iya yadda zan iya: ruwan rijiyar ake so, mummunan, shi ne shaidar Dakta, in babu shi za a ce ƙarya ta yi.

Ta ce, "Kai Ado, da can da take zuwa da kanta, 'yar gida ce, ta ga tsirara ta ga sutura. Yanzu kuwa ka ce jirgi za a sa shi, wani ƙato da ban san uwarsa ba ya buɗe ya ce ga abin da Kande ke dafa tuwo da shi. Ina da jikoki mata. Wa zai nemi aure a gidan da aka kai sunan rijiyarsa Turai?"

Na ce ba a rubuta sunan kowa, lamba ce kawai.

"Lambar ai gidana ce."

Ta saki labule. Malam Sule ya dube ni ya ɗaga kafaɗa. "Ka ji dai. Ni fartanya nake iko da ita."

Na tambaye shi, in mai yasar rijiya ya zo, yaya ake yi? Ya ce ai wannan aiki ne, maigida kan yi gyaran murya, mata su shige ɗaki, mutum ya shiga ya yi abin da ya kawo shi. Ya ce, "Da ka ce mana aikin rijiya ne, da tuni. Kai ka ce ruwan gida." Tun daga ranar ban sake cewa ruwan gida a bakin ƙofar kowa ba.

Washegari na dawo da kula. Ƙanƙara ta yi wuya saboda rashin wuta, sai da na zagaya Bompai kafin na samu, rabinta ma ta fara zubar da hawaye. Malam Sule ya saka hularsa ya raka ni gida-gida. Shi ke yin magana da masu gida, a yi gyaran murya, in shiga kaina a ƙasa, in ja guga da hannuna, in fito. Wani ya ce ya ji an ce gwamnati za ta rufe duk rijiyar da aka samu da laifi. Malam Sule ya ce masa, "Gwamnatin da ba ta san hanyar garin nan ba?" Aka yi dariya, aka bar ni na shiga. Wani kuma sai da muka jira shi ya dawo daga gona. Kowane jira ina duban gabas. Tun azahar iska ta tsaya cak, ganye ko motsi, kaji sun buɗe baki.

La'asar ta yi saura gida ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci, don rijiyar Inna Kande ce kan gaba a littafin Dakta. In babu ita, farfesan zai tambayi dalili. Hadari ya riga ya haɗo, baƙi ƙirin, ya cinye rabin sama ta wajen Panshekara. Inna ta sa kujera a bakin ƙofar cikin gida ta zauna.

"Malam ya ba ka izini, na ji. To ka tsallake ni."

Ba a tsallake tsohuwa. Na koma zaure na kira Dakta, Allah Ya sa ta ɗauka. Na gaya mata komai a gurguje. Sai na ji wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ta ce, "Ku ba ni Inna."

Na buɗe muryar wayar na miƙa wa Malam Sule, ya riƙe mata a kusa da kunne.

"Inna, ina wuni? Binta ce."

"Binta 'yar nema. Kin samu daddawar?"

"Tana hanya, Inna. Inna, ruwan da kuka aiko mini ya fi ƙarfina. Na gode. Amma ya kusa sa a kore ni."

"Ruwan kirki ne zai sa a kore ki? Wace irin ƙasa ce wannan?"

"Na gaya musu rijiyarku tana ciwo. Suka ce in kawo shaida. Da suka duba suka ga lafiyayye, yanzu kallon maƙaryaciya suke mini. Inna, in kin kai jikarki asibiti, kya ɓoye wa likita ƙurjin don kunya?"

"Kada ki yi mini wayon 'yan boko."

"Ba wayo ba ne. Ku kuka ce mini in je in faɗa wa manya abin da kuke sha. Na faɗa. Yanzu in kun janye, ni kaɗai zan tsaya a tsakiyar kasuwa."

Iska ta taso, ta kwashi kwanon da ke kan katanga ta yar. Surukai suka fito da gudu suna kwashe shanya. Inna Kande ta dubi sama, ta dubi wayar.

"Ashe abin kunyar tamu kike so."

"Shi nake so, Inna."

Ta miƙe da kyar, ta ja kujerarta gefe. "Shiga, Ado. Amma ka cika ta sosai. In za a ji kunya a ji ta gaba ɗaya."

Na isa bakin rijiya ɗigon farko yana sauka a kan wuyana. Na zura guga, igiya tana zamewa a hannuna. Ɗaurayar kwalba ba a tsallake ta ko da sama za ta faɗo, saboda haka na zuba na girgiza na zubar, na maimaita, ina jin ƙasa ta fara ƙamshi. Sai na ga inuwa a kaina. Inna ce ta ɗauko babban faifai ta riƙe a saman kwalbar don kada ruwan sama ya shiga. Na cika, na ɗiga asid, na rufe. Na rubuta lambar a zaure, ruwa kuma ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mai adaidaita ya yi ta mita a hanya, taya tana nutsewa a taɓo, ni kuwa na rungume kula a cinya har Bompai. Muka tarar kamfanin aika kaya suna shirin rufewa.

Daga nan sai jira, wanda shi ne rabin wannan sana'a. Kullum bayan la'asar wayata tana hannuna. In ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba ma ya faɗi. Ina tunanin ko ƙanƙarar ta kai, ko an ajiye akwatin a rana a wani filin jirgi, ko ɗigon sama ya shiga duk da faifan. Ranar da ta kira, ta ce, "Malam Ado, ya gani. Rijiyar Inna har ta fi yadda na rubuta." Farfesan ya rubuta shaidarsa, ya kuma nemi izinin ya ambaci aikinta a nasa. Lauyan jami'a ya tura wa ofishin ana saura ƙiris wa'adi ya cika. Sai wani jiran kuma, har damina ta wuce aka yi girbi, kafin ta aiko mini da saƙo cewa an amince.

Na je ƙauye da kaina don in kai labari. Na tarar famfon masallaci ya lalace, layin jarkoki ya miƙe babu mai tuƙawa. Malam Sule yana zaure. Na gaya masa an ba Dakta takardar zama ta har abada, an rubuta cewa fitacciyar masaniya ce, kuma ruwan gidansa ne ya tsaya mata. Ya yi hamdala, ya ɗaga murya ya faɗa wa na ciki. Aka yi guɗa ɗaya.

Can sai ga Inna Kande ta ɗaga labule, riƙe da kwanon sha. Ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu. Tun kafin in kai baki na gane na wace rijiya ne.

Ta ce, "Yau babu na baƙi, sai na gida. Ka ce wa Binta mun yi murna. Ka kuma ce mata rijiyar da ta kai ta can tana gaishe ta, tana nan inda ta bar ta."